Daga Goyo Zuwa Sanda: Kasuwar Duniya da Hakkin Mai Rauni a Zango



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai raba arziki tsakanin bayinSa, wanda zai tambayi kowa ta ina ya samu, a ina kuma ya kashe. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa maza da mata na Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zango da Madina da Ashaiman da Aboabo da Asawase da sauran zangunanmu, nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi abin da masana ke kira haɗewar kasuwannin duniya, wato yadda kaya da kuɗi da labari suke tsallake iyakokin ƙasashe ba dare ba rana. Kowa ya ga alherinsa. Wayar da ke hannunmu daga Sin ta zo, kuma ɗan'uwa yakan aiko da kuɗi daga Ingila ko Amurka su iso kafin a gama alwala. To amma wannan kasuwa ba ta taɓa kowa daidai. Akwai wanda take ɗagawa, akwai wanda take dannewa, kuma dannewar takan faro tun mutum yana goye ta bi shi har ya riƙi sanda.

A cikin Suratur Rum, aya ta 54, Allah (SWT) Ya tunatar da mu matakan rayuwar ɗan Adam: farkonta rauni, tsakiyarta ƙarfi, ƙarshenta kuma komawa ga rauni. Da wannan ma'auni za mu auna al'amarin, domin wanda aka bari baya a matakin farko, da wannan gibi zai shiga na biyu, kuma gibin ƙara faɗi yake yi a kowane mataki.

MU JIKOKIN FATAKE NE

Kada wani ya zaci muna ƙin ciniki da mutanen nesa. Suratu Ƙuraish ta lissafa fataucin mutanen Makka cikin ni'imomin Allah, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya kai hajar Nana Khadija (RA) ƙasar Sham. Zango ma kansa fatauci ne ya haife shi. Kakanninmu sun taso da jakuna daga Kano da Katsina da Barno da ƙasar Mosi, ɗauke da kanwa da fata da tufafi, su sauka Salaga su ɗauki goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra da sauran garuruwa. Amma a wannan kasuwa ta Salaga an sayar da mutane kamar yadda aka sayar da goro, kuma wannan ya ishe mu darasi cewa kasuwar da babu tsoron Allah a cikinta har ɗan Adam takan mayar haja.

SHEKARAR DA AKA BUƊE ƘOFA

Iyayenmu ba za su manta da 1983 ba. A shekarar aka yi fari da gobarar daji da yunwa, a shekarar kuma Nijeriya ta koro 'yan Ghana kimanin miliyan 1. A cikin wannan hali gwamnatin Rawlings ta karɓi shirin gyaran tattalin arziki tare da Hukumar Lamuni ta Duniya da Bankin Duniya. Aka karya darajar sidi daga 2.75 a kan dala 1 zuwa 30 kafin shekarar ta ƙare, kuma ya yi ta faɗuwa har a 2007 aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1. Aka rage dubban ma'aikatan gwamnati, aka sayar da kamfanoninta, aka buɗe wa kayan waje ƙofa.

Gaskiya ɗaya ce, kantuna sun cika da kaya bayan shekarun layi da rashi. Sai dai wanda yake da jari da takardar ilimi da hanyar samun dala shi ya ci moriyar buɗewar. Wanda ba shi da komai sai ƙarfin damtsensa, shi aka bar wa lissafin biya. Mu duba yadda lissafin ya bi mu mataki bayan mataki.

MATAKI NA FARKO: YARINTA

A 1985 aka ɗora kuɗi a kan jinya a asibitocin gwamnati, a 1992 kuma aka shiga tsarin nan na sai ka biya a ba ka magani, wanda ya ci gaba har aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2003. Yara nawa aka haifa a ɗaki a waɗannan shekaru don babu kuɗin asibiti? Uban da aka sallama daga aiki, abin da ya fara yankewa shi ne kuɗin makaranta, kuma ta kan 'ya mace yakan fara. A zango abin ya tarar da wani tsohon rauni, domin iyaye da dama sun guje wa makarantun mishan saboda tsoron addinin 'ya'yansu, kuma sashen kula da makarantun Islamiyya a ma'aikatar ilimi bai samu ba sai a 1987.

A 2017 aka cire kuɗin babbar sakandare, kuma gidaje da yawa sun numfasa. Amma yaron da yake tallar ruwan leda a bakin titi yana ɗan shekara 10, da wuya ya kai jarrabawar da za ta shigar da shi wannan makaranta ta kyauta. Ku tuna kuma yaran Agbogbloshie, galibinsu 'yan arewa Musulmi, waɗanda suka yi shekaru suna ƙona wayoyin tsofaffin talabijin da kwamfuta don su ciro jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙi mai guba. An rushe wurin a watan Yuli na 2021, amma dalmar da ta riga ta shiga jinin yaro ba katafila ke fitar da ita ba. Wanda ya more kwamfutar tana sabuwa yana wata ƙasa ko wata unguwa, wanda ya shaƙi hayaƙinta ɗanmu ne.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya yanka wa kowane yaro da aka yaye wani kaso daga baitulmali. Da ya gano cewa iyaye mata suna gaggauta yaye don su sami kason, sai ya ji tsoron Allah, ya mayar da shi tun daga ranar haihuwa. Ya fahimci cewa abin da aka tauye wa jariri ba ya ramuwa daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tun yana ɗanye kuma ake karya shi.

MATAKI NA BIYU: SAMARTAKA DA NEMAN AIKI

A 1977 masaƙun Ghana, irin na Akosombo da Juapong da Tema, suna da ma'aikata kimanin 25,000. Zuwa 2000 sun ragu zuwa kimanin 5,000. Atamfa mai araha daga Asiya da gwanjo daga Turai da Amurka sun cinye kasuwar, kuma telolin zango sun ji a jikinsu. Aikin da ke da albashi da hutu da fansho ya ƙaranta, aka bar wa matasa aikin da babu takarda: tuƙin okada da aboboya, yaron mota, talla, dako.

Ana ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kimanin miliyan 15 ke shigowa kasuwar Kantamanto kowane mako, a cikin diloli masu nauyin kilo 55 ko kusa da haka. Wa ke ɗaukar dilar daga mota zuwa rumfa? 'Yan matan nan ne da ake kira kayayei, sunan da rabinsa ma kalmarmu ce ta kaya. Sun baro ƙauyukansu na arewa, wasu ba su kai shekara 15 ba, wasu da goyo a baya, suna ɗora wa wuyansu nauyin da ya fi nasu, suna kwana a bakin kantuna. Mafi yawansu da mu suke fuskantar alƙibla ɗaya.

Ku lura da wani abu, 'yan'uwa. Kaya suna ƙetare iyaka da takarda ɗaya, kuɗi suna ƙetarewa cikin ƙiftawar ido, amma talaka ba ya ƙetarewa sai da ransa a hannu. Ku ɗauki matasa biyu 'yan unguwa ɗaya, masu buri ɗaya na su gina wa mahaifiya ɗaki. Ɗaya ta karanta aikin jinya, asibitin Ingila ya aiko mata da biza, ta hau jirgi a Akra. Ɗayan ya tsaya a aji 6, sai ya bi ta Agadas da Dirku da Sabha, inda ƙishirwa take kashe wasu, teku ta ci wasu, kuma a 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya. Abin da ya raba hanyarsu ya faru ne tun suna yara. Wanda ya tsira ya isa Italiya, sau da yawa yakan ƙare a gonakin tumatir na wajen Foggia, alhali tumatirin gwangwani na Italiya da Sin yana cikin abin da ya durƙusar da manoman tumatir na Navrongo, masana'antar Pwalugu kuma ta kasa tsayawa da ƙafarta.

'Yan'uwanmu mata kuma ana yi musu romon baka da aikin gida a ƙasashen Larabawa na Gulf. Wasu sun dace da mutanen kirki. Wasu an karɓe musu fasfo, an hana su albashi da barci, har a 2017 gwamnatin Ghana ta dakatar da tura masu aikin gida zuwa can da irin wannan biza. Sai dillalai suka koma bi da su ta ƙasashen maƙwabta. Su wane ne waɗannan dillalai? Wasunsu da su muke sahu ɗaya a masallaci. To su sani, a hadisin da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi jayayya da su ranar ƙiyama akwai mai cin kuɗin ɗa mai 'yanci, da mai cin gumin ɗan ƙwadago. Wa zai iya tsayawa gaban irin wannan shari'a?

MATAKI NA UKU: SHEKARUN ƊAUKAR IYALI

Wanda ya shiga aiki ba takarda, haka zai yi aure ba tabbas. Ku dubi mai sayar da gwanjo. Yakan ci bashi mai ruwa ya sayi dila a ɗaure, bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya tarar da tsummoki, kuma babu mayarwa. An ƙiyasta cewa kaso mai yawa na kayan yana ƙarewa a bola da magudanan ruwa da bakin teku. Shari'a ta hana cinikin garari, wato wanda ba a san haƙiƙanin abin da aka saya ba, ta kuma hana riba, don kada a tara hasara duka a kan mai rauni. A wannan ciniki wanda ya ɗaure dilar a Turai ya riga ya karɓi kuɗinsa, mai ba da bashi zai karɓi nasa, hasara kuwa ta mai rumfa ce. Da gobara ta cinye babban ɓangaren Kantamanto a farkon Janairun 2025, dubban masu rumfa sun wayi gari babu jari, bashi kuma yana nan bai ƙone ba.

Haka a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin mai da alkama da taki, bashin ƙasa kuma ya yi mata katutu. Sidi ya zube, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, sa'an nan a 2023 Hukumar Lamuni ta amince da ba ta rancen dala biliyan 3. Mai ajiyar dala ya kwana ya tashi da ƙarin arziki ba tare da ya ɗaga tsinke ba. Mai sayar da koko da ƙosai, da mai wake da shinkafa, da mahauci, kullum jarinsu yana narkewa. Gida ɗaya akwai ɗa a waje yana aiko da fam ko yuro, gidan da ke jikinsa babu, sai ka ga maƙwabta biyu kamar ba ƙasa ɗaya suke ba. Masu gidajen haya kuma suna neman kuɗin shekara 2 a dunƙule, alhali doka wata 6 ta yarda.

MATAKI NA HUƊU: TSUFA

A nan ne lissafin yake cika. Kafin mutum ya sami fansho na wata-wata daga SSNIT yana ɗan shekara 60, sai ya yi zubi na aƙalla wata 180, wato shekara 15. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Ghana sun kai miliyan 30.8, amma masu zubi a wannan asusu ba su wuce kimanin miliyan 2 ba. Tela da bakanike da mai dako da mai tuwo, yawancinsu ba sa ciki. Fanshonsu 'ya'yansu ne, 'ya'yan kuwa ga halin da muka bayyana.

A farkon 2023 mun ga tsofaffin ma'aikata, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo, sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi don kada a taɓa ajiyarsu a sauyin takardun bashin gwamnati. Suna da hakki, kuma an ji kukansu. To kakarmu da ta yi shekara 40 tana tuya a bakin titi har hayaƙi ya ci idonta, a ƙofar wa za ta zauna? Ba ta da takardar da za ta ɗaga.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya ga wani tsoho Bayahude yana bara don ya biya jiziya. Sai ya kama hannunsa, ya ba shi abin da ya samu, ya ɗauke masa jiziyar, ya kuma umarci a riƙa ciyar da shi da ire-irensa daga baitulmali, domin a ganinsa zalunci ne a ci ƙarfin mutum yana saurayi a yar da shi ya tsufa. Idan wannan hakkin wanda ba Musulmi ba ne, ina ga iyayen da suka haife mu?

KADA MU FAKE DA ƘADDARA

Wani zai ce, ai arziki na Allah ne. Haka ne, kuma Allah Ya fifita wasu a kan wasu don jarrabawa. Amma fifikon da Allah Ya yi daban, tauye mudu daban, kuma an saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, a kan masu tauyewa. A Suratul Hashri, aya ta 7, an bayyana hikimar rabon dukiya, wato kada ta tsaya a hannun mawadata su kaɗai. Da Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, wasu suka ga kamar gudun ƙaddara ne, sai ya nuna musu cewa neman tsira ma yana cikin ƙaddara. Annabi Yusuf (AS) ya san fari yana zuwa, sai ya tara hatsi shekara 7. Mu ba mu ke yanka farashin dala ba, amma akwai abin da yake hannunmu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, zakka. Duk wanda kuɗinsa ko hajarsa ta kai nisabi, kimanin darajar giram 85 na zinariya, ta kuma shekara, to ɗaya cikin 40 hakkin wasu ne. Suratut Tauba, aya ta 60, ta lissafa kashi 8 na masu karɓa, cikinsu har da wanda bashi ya danne da matafiyin da guzuri ya yanke masa. A maimakon a raba ta sidi biyar-biyar a ƙofar gida, kowane masallaci ya kafa kwamiti na amintattu da littafi, a ba mutum abin da zai zama jari, keken ɗinki ko akwatin kayan aiki.

Na biyu, kowace ƙungiyar matasa ta rubuta sunayen yaran layinta da ba sa zuwa makaranta, maza da mata, ta bi iyayensu cikin ladabi. Ɗalibanmu na jami'a su ba da sa'a 2 a mako su koya wa ƙannensu lissafi da Turanci, ba tare da an taɓa lokacin makarantar allo ba.

Na uku, iyayen gidanmu masu gareji da shagon ɗinki da walda su rubuta yarjejeniya da yaransu, da ranar farawa da ranar yayewa. Riƙe yaro shekara da shekaru yana aikin kyauta da sunan koyo cin amana ne.

Na huɗu, iyayenmu mata 'yan kasuwa da duk mai sa a yi masa dako: a yi ciniki kafin a ɗora kaya, a raba nauyin da ya yi yawa gida biyu, a biya nan take ba tare da wulaƙanci ba. Yarinyar nan 'yar wani ce.

Na biyar, kada a ɗaura wa kowa tafiya sai an ga lasisin dillali daga ma'aikatar ƙwadago, an karanta takardar aiki, an ajiye kwafin fasfo a gida. Limamai su yi huɗuba a kan wannan, kuma kada kyautar dillali ta rufe bakin kowa.

Na shida, mu kama hannun tsofaffinmu mu kai su rajistar inshorar lafiya, domin an ɗauke wa ɗan shekara 70 kuɗin zubi, mu kuma bincika musu tallafin LEAP na tsofaffi marasa galihu. Mu da muke da ƙarfi yau mu fara tanadi ta adashi, wanda muke kira susu, ko ta tsarin fansho na masu sana'ar kansu, tare da tambayar malamai hanyar da ta kuɓuta daga riba.

Na bakwai, 'yan'uwanmu da Allah Ya buɗa wa a waje, bayan bene da ragon suna, kowa ya ɗauki nauyin karatun yaro ɗaya wanda ba na gidansu ba. Idan 'yan siyasa kuma suka zo da shinkafa da sukari a watan azumi, mu tambaye su makaranta da asibiti da magudanar ruwa da wurin koyon sana'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya ku 'yan'uwa, mu matasa muna tsakiyar ayar nan ne, a wurin ƙarfi. Raunin farko mun wuce shi a bayan iyayenmu mata, na ƙarshe kuma yana jiranmu idan Allah Ya ja kwana. Ƙarfin nan aro ne, kuma za a tambaye mu ko mun tallafi wanda ke bayanmu da wanda ke gabanmu da shi.

Allah Ya ba mu arziki na halal, Ya kare mu daga cin gumin wani. Allah Ya raya ƙananan cikinmu, Ya ji ƙan tsofaffinmu, Ya dawo da matafiyanmu lafiya, Ya gafarta wa waɗanda suka kwanta a sahara da teku. Allah Ya zaunar da ƙasarmu Ghana lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.